Banki da sefa a Nijar: tambayoyin da ake yawan yi a Tawa, da amsoshinsu

Tun da takunkumin da aka sa wa Nijar bayan juyin mulkin 2023 ya sa mutane suka riƙa wuni a layi a ƙofar banki suna jiran kuɗin da nasu ne, maganar sefa ta bar ofisoshi ta dawo fada da rumfar mai shayi. Wanda bai taɓa buɗe asusu ba ma yanzu yana da ra'ayi a kan babban banki. Ga tambayoyin da suka fi yawo a bakin 'yan kasuwa, ma'aikata da iyalan 'yan ci-rani a nan Adar.

Kafin Turawa su kawo banki, ina kakanninmu suke ajiye dukiya?

A garke, a rumbu, da hannun amintacce. Kuɗin hada-hada kuwa wuri ne, wanda asalinsa daga tsibiran tekun Indiya yake fitowa, har ya cika kasuwannin ƙasar Hausa. Ana ƙirga shi jaka-jaka, kowace jaka wuri 20,000, kuma nauyinsa ya sa babban ciniki sai da jaki ko raƙumi. Manyan fatake sun fi son azurfar nan mai hoton sarauniyar Ostiriya, wadda kowace ɗaya ke ɗauke da shekarar 1780 ko da yaushe aka buga ta.

Bafatake idan ya sauka wani gari, maigidansa ne yake ba shi masauki, ya karɓi kuɗinsa ajiya, ya tsaya masa idan zai ɗauki kaya bashi, wani lokaci ya aika da saƙon kuɗi zuwa wani gari ta hannun ayari. Ajiya, lamuni da aike, su ne ayyukan banki har gobe, kuma ukun duka muna da su. Abin da banki ya zo da shi daban shi ne takarda, doka, da hukuma a bayansa.

Wuri bai mutu don kansa ba. Bature ya ce haraji sai da kuɗinsa, don haka wanda ba shi da tamma dole ya noma gyaɗa, ko ya sayar da dabba, ko ya kama hanyar kurmi neman ta. Ci-ranin da aka san mutanen Tawa da shi yana da saiwa a nan.

Shi bankin, a ina aka fara shi?

Ba da rance da canjin kuɗi tsofaffin sana'o'i ne a ko'ina, amma banki mai rassa da littattafan lissafi ya bunƙasa ne a biranen Italiya. Gidan Medici na Fulorans ya buɗe nasa a 1397. Amsterdam ta kafa bankin gari a 1609 don 'yan kasuwa su huta da rikicin tsabar kuɗi iri-iri. Babban bankin da ya fi kowanne tsufa cikin waɗanda ke aiki yau shi ne na Suwidin, 1668. Na Ingila ya biyo a 1694, kuma dalilin kafa shi bai ɓoyu ba: sarki yana yaƙi da Faransa, baitulmali ya bushe, attajirai suka haɗa fam miliyan 1 da dubu 200 suka ba gwamnati rance, aka saka musu da izinin fitar da takardun kuɗi. Napoleon ya kafa na Faransa a 1800. Amurka ta daɗe tana gardama a kan lamarin, sai 1913 ta tsaida nata.

Wato tun farko babban banki da buƙatar gwamnati tare suka tashi. Duk rigimar da ake yi a duniya kan 'yancin babban banki, daga nan take: yaya za a hana mai mulki sa hannu cikin tukunyar duk lokacin da ya matsu?

Mene ne bambancin babban banki da bankin da nake karɓar albashi?

Bankinka ɗan kasuwa ne. Yana karɓar ajiya, ya ba da rance, ya ci bambancin. Babban banki kuma ba ya hulɗa da kai kai tsaye. Shi yake fitar da takardun kuɗi, yake riƙe ajiyar kuɗin waje, yake ba bankuna rance idan sun matsu, yake kuma tsaida farashin wannan rancen, wanda daga shi sauran kuɗin ruwa suke ɗaukar haske.

Akwai abin da da yawa ba su sani ba, alhali shi ne gindin maganar: kuɗin da ka ajiye ba suna kwance a akwatin ƙarfe suna jiranka ba ne. Kaso kaɗan ne yake nan tsaba, saura an ba wasu rance ko an saya wa gwamnati takardun bashi da su. Muddin masu ajiya ba su zo rana ɗaya gaba ɗaya ba, komai yana tafiya daidai. Ran da tsoro ya shiga kowa ya zo, banki mai lafiya ma sai ya durƙusa, in ba babban banki ya kawo masa tsaba ba. Ka riƙe wannan, za mu dawo kanta idan mun zo 2023.

Yaushe banki ya iso yankinmu?

Na farko a ƙasashen da Faransa ta mallaka a yammacin Afirka shi ne Bankin Senegal, wanda aka kafa a 1853 a Saint-Louis. Jarinsa ya fito ne daga diyyar da aka ba masu bayi bayan an soke bauta a 1848. Masu bayin aka biya, ba bayin ba. A 1901 aka maye gurbinsa da BAO, bankin Afirka ta yamma, mai hedikwata a Paris, wanda ya haɗa ayyuka biyu: shi ne mai fitar da kuɗi, shi ne kuma mai ba da rance. Abokan hulɗarsa manyan kamfanonin Turawa ne irin su CFAO da SCOA masu sayen gyaɗa, auduga da fatu. Reshe yana bin tashar jirgin ruwa da layin dogo, mu kuwa ba mu da ko ɗaya, shi ya sa Nijar ta zo a ƙarshen layi.

A ɓangaren Ingilishi, bankin da yau ake kira First Bank ya fara a Legas a 1894. Har yanzu ana ba da labarin yadda Alhassan Ɗantata ya kai raƙuma 20 ɗauke da azurfa ajiya lokacin da bankin ya buɗe a Kano a 1929.

A ganina wannan asalin bai taɓa barin bankunanmu ba. An gina su don kayan da za su fita waje, daga baya don gwamnati da ma'aikatanta. Manomi da makiyayi ba su cikin lissafin tun ranar farko.

Sefa fa, wa ya ƙirƙiro ta, kuma a ina ake buga ta?

Gwamnatin Janar de Gaulle ce ta ƙirƙiro ta ranar 26 ga Disamba 1945, bayan yaƙin duniya na biyu ya raunana kuɗin Faransa. A lokacin sefa ɗaya tana daidai da faran 1.70 na Faransa, a 1948 ta koma faran 2. Da Faransa ta sake kuɗinta a 1960 lissafin ya zama sefa 50 a faran ɗaya, ya tsaya haka shekara 34 cur. A 1994 ya koma 100. Tun 1999 kuma an ɗaure ta da yuro: sefa 655.957 a yuro ɗaya.

Aikin fitar da kuɗi an karɓe shi daga BAO a 1955 aka ba wata hukuma ta gwamnati, wadda ta zama BCEAO, babban bankin ƙasashen yammacin Afirka masu sefa, a 1959. Yarjejeniyar 12 ga Mayu 1962 ce ta kafa ƙungiyar kuɗin bai-ɗaya. Yau ƙasashe 8 ne a ciki: Nijar, Benin, Burkina Faso, Kodibuwa, Mali, Senegal, Togo da Gine-Bisau da ta shigo a 1997.

Takardun a Faransa ake buga su, a garin Chamalières, a maɗaba'ar babban bankin ƙasar. Ɗauko jika guda daga aljihunka ka duba kusa da lambar da ke jiki, za ka ga harafi ɗaya. H na Nijar ne, A na Kodibuwa, B Benin, C Burkina, D Mali, K Senegal, T Togo, S Gine-Bisau. Idan ka ƙirga cinikin yini a kasuwar Lahadi ta Tawa, yawan A da za ka gani ya isa ya gaya maka inda samarin gari suke. Harafin ba ya rage wa takarda daraja, babban banki ne yake bin sawun yadda kuɗi ke ƙetare iyaka da shi.

Sefar su Chadi da Kamaru kuwa daban take, babban bankinta daban. Darajar ɗaya ce a takarda, amma tun 1993 bankunan biyu suka daina sayen takardun da suka fita yankinsu, don haka mai dawowa daga can sai ya bi ta hannun ɗan canji, ya kuma bar masa wani abu.

To BCEAO namu ne ko na Faransa?

Amsar ta danganta da shekarar da kake magana. Har cikin shekarun 1970 hedikwatarsa tana Paris, shugabansa Bafaranshe. Yarjejeniyar 1973 ce ta kawo sauyi: aka naɗa ɗan Afirka na farko, Abdoulaye Fadiga, gwamna, aka kuma maido hedikwata Dakar a 1978. Bayansa Alassane Ouattara ya hau, sai Charles Konan Banny, kuma al'adar ba ɗan Kodibuwa kujerar ta ɗore har kan Jean-Claude Kassi Brou da ya hau a 2022. Nijar takan samu kujerar mataimaki. Ali Badjo Gamatié ya riƙe ta kafin ya zama firaminista a 2009.

Babban abin da ake ta da jijiyar wuya a kai shi ne ajiyar kuɗin waje. Ita ce rumbun tsimin ƙasashen takwas, da ita ake sayo mai, magani da shinkafa. Da farko dukanta ake kaiwa baitulmalin Faransa, daga 1973 aka koma kashi 65 cikin 100, daga 2005 kashi 50. Faransa kuma ta ɗauki alkawarin cewa in ajiyar ta ƙare za ta cike giɓi don sefa ta ci gaba da canzuwa. Ranar 21 ga Disamba 2019 a Abidjan, Ouattara, wanda ya zama shugaban Kodibuwa, da Macron na Faransa suka ba da sanarwar daina wannan ajiya da janye wakilan Faransa daga majalisun bankin. An aiwatar da waɗannan biyun. Abin da bai canza ba shi ne ɗaurin da aka yi wa sefa da yuro, da lamunin Faransa, da wurin bugawa. Sunan Eco da aka ce za a sa mata kuwa har yanzu yana takarda.

Mai cewa kuɗinmu suna kwance a Paris yana ba da labarin da ya wuce. Mai cewa Faransa ta fita gaba ɗaya shi ma ya yi gaggawa.

Nijar ta taɓa samun bankinta na ƙasa?

Ƙwarai, kuma labarinsa ya kamata a riƙa karantar da shi a makaranta. A 1961, shekara ɗaya bayan 'yancin kai, gwamnatin Diori Hamani ta kafa BDRN, bankin raya ƙasa, da taimakon wani banki na Tunisiya mai suna STB. Manufar a fili take: tunda bankunan Turawa ba sa ba ɗan ƙasa rance, a yi wanda zai ba shi. A gefensa aka yi UNCC a 1962 don ƙungiyoyin manoma, daga baya CNCA don rancen noma, ga kuma asusun ajiya na gidan waya da ƙananan ma'aikata suka dogara da shi.

BDRN ya yi aiki. 'Yan kasuwa da yawa na Maradi, Damagaram da Tawa da shi suka fara shigo da kaya da sunansu. Da uraniyom ya fara fita daga Arlit a 1971, farashinsa kuma ya yi tashin gwauron zabi a tsakiyar shekarun nan, kuɗi suka malalo, bankin ya zama mafi girma a ƙasar, yana ɗaukar nauyin kamfanonin gwamnati da manyan gine-ginen Yamai.

Sai farashin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, farin 1984 ya zo ya ƙarasa. Nan asiri ya tonu. Kamfanonin gwamnati sun ci bashi ba su da abin biya. Masu faɗa a ji sun karɓi rance da takardar wani babba maimakon jingina, kuma ba wanda ya isa ya bi su. Banki ba ya mutuwa ran da aka ba da mummunan rance, yana mutuwa ne shekaru bayan haka, lokacin da masu ajiya suka zo aka rasa abin ba su. An rufe BDRN a 1990, aka kafa SONIBANK a kan abin da ya rage mai kyau, STB tana cikin masu jari. CNCA ta riga shi rushewa, asusun gidan waya shi ma ya tsaya da kuɗin talakawa a ciki. Har yanzu mutanen Yamai suna kwatance da ginin tsohon BDRN, kuma akwai tsofaffin da daga wannan lokacin ba su sake taka ƙofar banki ba. Ban ga laifinsu ba.

Ba mu kaɗai ba ne. A Benin duka bankunan gwamnati sun rushe a ƙarshen shekarun 1980, har albashi ya gagara. Wannan annoba ce ta sa aka kafa hukumar sa ido kan bankuna ta yankin a 1990, mai zama a Abidjan.

Bankunan da muke gani yanzu na su wane ne?

Yawancinsu rassan manyan rukunoni ne na Afirka. BOA, wato Bank of Africa, da ta buɗe a Nijar a 1994, da Banque Atlantique, BIA da CBAO duk suna ƙarƙashin bankunan Maroko. Ecobank da Orabank daga Lome suke, Coris daga Wagadugu. BCN ya samo asali daga haɗin gwiwa da Libiya. Gwamnati ta sake gwada sa'arta a rancen noma da BAGRI a 2011.

Me ya faru a Janairun 1994 da iyayenmu ba sa mantawa?

An karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya. Shugabanni sun taru a Dakar, shugaban asusun lamuni na duniya Michel Camdessus da ministan Faransa suna wurin, ranar 11 ga wata aka ba da sanarwa. Mahamane Ousmane ne shugaban ƙasa a lokacin, Mahamadou Issoufou firaminista. Duk abin da ake shigowa da shi daga wajen yankin, magani, kayan gyaran mota, littattafai, ya doshi ninki, hauhawar farashi ta haura kashi 30 a shekarar, albashi kuwa bai bi ta ba.

Amma ba kowa ya yi kuka ba. Naman da ake kawowa daskararre daga Turai ya yi tsada a Abidjan da Kwatano, sai shanun Abalak da albasar Galmi suka samu kasuwa. Ma'aikacin birni ya yi asara, mai garke ya ɗan samu. A taron ne kuma, ranar 10 ga Janairu, aka sa hannu kan yarjejeniyar UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta ƙasashen yammacin Afirka masu sefa.

Idan bankina ya rushe yau, kuɗina sun tafi kamar na zamanin BDRN?

Akwai katanga da babu ita a da. An ɗaga mafi ƙarancin jarin da banki zai mallaka daga miliyar 1 zuwa 5, zuwa 10, sannan a ƙarshen 2023 aka yanke miliyar 20, wato miliyan dubu ashirin. An hana babban banki ba gwamnati rance kai tsaye. A 2014 kuma aka kafa asusun lamunin ajiya, wanda zai biya mai ajiya har miliyan 1 da jika 400 idan banki ya rushe, jika 300 idan ƙaramar cibiyar asusu ce. Wannan ya rufe yawancin masu ƙaramar ajiya. Alhajin da yake juya miliyan 50 kuwa, gara ya raba su banki biyu ko uku.

Malam, ni manomin albasa ne. Me ya sa banki yake ba malamin makaranta rance cikin sati, ni kuwa ko kallo?

Domin albashin malamin ta bankin yake faɗowa, tun kafin ya gan shi an cire na wata. Kai kuwa me za ka ajiye? Gonar gado ce, ba ta da takardar mallaka irin wadda kotu za ta karɓa. Albasa tana ruɓewa, farashinta lokacin kaka da bayan wata biyar kamar ba abu ɗaya ba ne, iyaka kuma tana iya rufewa motoci suna kan hanya. Makiyayi ya fi ka wahala ma, don jinginarsa tana tafiya da ƙafarta.

Sannan banki yana da abokin ciniki da ya fi ku duka sauƙi: gwamnati. Ya sayi takardun bashinta a kasuwar yankin, ya karɓi ribarsa, ba tare da ya aika ma'aikaci kan babur zuwa Tsarnawa ko Keita ba. Ga kuma dokar da a 2014 ta tsaida iyakar kuɗin ruwa a kashi 15 ga bankuna, 24 ga cibiyoyin asusu. Dokar tana kare mai karɓa, amma tana sa banki ya ce ƙaramin rance a ƙauye bai biya wahalarsa ba. Sakamakon, manomi ya koma wajen ɗan kasuwar da zai ba shi kuɗi da damina ya karɓi buhu da kaka, abin da mutane suka sa wa suna a-ci-ba-daɗi, wanda in an lissafa ya ninka na banki sau da yawa.

Dabarar da ta ɗan yi aiki ita ce jinginar amfanin gona: ƙungiya ta zuba hatsi ko wake a sito, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun mai ba da rance. In farashi ya tashi a sayar, a biya. Ta fi dacewa da abin da ba ya lalacewa, shi ya sa maganar albasa kullum take komawa kan rumbun adana ta.

Ni matsalata kuɗin ruwa ce. Akwai mafita?

Akwai. Gwajin farko na bankin Musulunci na zamani an yi shi a Mit Ghamr ta Masar a 1963, sannan a 1975 aka buɗe bankin raya ƙasashen Musulmi a Jidda da na Dubai. A Nijar an fara tun 1983 da bankin Faisal, wanda ya zama BINCI, yau kuma BIN. A Najeriya Jaiz ya fara a 2012. Hanyar da suka fi bi ita ce murabaha: banki ya sayi kayan da kake so, ya sayar maka da riba sananniya, ka biya kaɗan-kaɗan. Wasu malamai suna ganin in bankin bai mallaki kayan da gaske ba kafin ya sayar, an canza riga ne kawai. Don haka ka karanta takardar, ka tambaya wa yake ɗaukar asara idan kaya suka lalace kafin su iso hannunka.

Su NITA, Amana da Al Izza, da kuɗin waya, bankuna ne?

A'a, aikinsu aike ne, ba ba da rance ba, ko da yake suna ƙarƙashin dokokin babban banki. Amma su ne suka kai inda banki bai taɓa kaiwa ba. Yaro ya zuba kuɗi a Abidjan da safe, kafin azahar uwarsa ta karɓa a Bouza da katin shaida, ba a ce ta cika takarda da Faransanci ba, ba a kuma canza kuɗin ba, tunda sefa ce can sefa ce nan. Da sai an jira mai dawowa gida an ɗinke masa kuɗin a cikin riga.

Akwai kuma abin da Nijar ta ba duniya. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a jihar Maradi, ta ɗora a kan adashen da mata suka saba. Mata su taru kowane sati a kan tabarma, kowa ta zuba abin da aka yanke, a ƙirga a gaban kowa da murya, a rufe akwati da kwaɗo uku, mabuɗan a hannun mata uku daban, akwatin kuma a ɗakin ta huɗu. Mai buƙata ta ranta, ƙarshen zagaye a raba. Tsarin ya bazu ƙasashe da dama a Afirka da Asiya. Ga mai tambaya ko wannan ya kai banki: bai kai ba wajen girma, amma ba a taɓa ba wata rance a wurin don takardar wani babba ba.

Me ya sa a 2023 muka kasa fitar da kuɗinmu, alhali bankunan ba su rushe ba?

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, CEDEAO, wato ECOWAS, da UEMOA suka sa takunkumi ranar 30 ga wata. An daskarar da kuɗin gwamnati da ke babban banki, an dakatar da hada-hadar kuɗi da sauran ƙasashen, an hana Nijar cin bashi a kasuwar yankin. Tsaba ta daina isowa bankuna kamar da. Mutane kuma da suka ga haka, mai kuɗi a hannu ya daina kai ajiya, mai kuɗi a banki ya zo fitarwa. Ka tuna abin da muka faɗa a baya: banki ba ya riƙe da dukan ajiya tsaba. Sai aka sa iyaka a kan abin da mutum zai ɗauka a rana, layi ya miƙe har titi, wasu suna zuwa tun asuba su ajiye takalmi ko dutse ya riƙe musu wuri.

An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024. Mali ta sha irinsa a 2022. Abin da mutane suka koya da jikinsu shi ne mabuɗin kuɗin da ke aljihunsu ba a Yamai kaɗai yake ba, kuma waɗanda suka juya shi a wannan karon shugabannin maƙwabta ne.

Najeriya tana da nairarta. Me zai hana mu yi namu kuɗin?

Babu abin da ya hana a doka, kuma wasu sun yi. Gine ta fita a 1960 ba ta dawo ba. Muritaniya ta fita a 1973, har yau tana da kuɗinta. Mali ta fita a 1962, ta karya darajar kuɗinta da rabi a 1967, ta dawo a 1984 ana karɓar faran biyu nata a sefa ɗaya. Najeriya kuwa babban bankinta ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 1959, naira ta fito a 1973, kuma ta iya yin abin da ta ga dama da bankunanta, kamar yadda gwamnan babban bankinta Charles Soludo ya matse su daga 89 zuwa 25 a 2005. Amma je ka Birnin Ƙonni ka tsaya wajen 'yan canji, ka ga damin naira ɗaure da roba a kan tebur. Jika guda da ba ta kai naira 500 ba a 2015, a 2024 ta haura naira 2,000. 'Yan kasuwar Illela da dama sefa suke ɓoyewa.

Nijar, Mali da Burkina sun kafa AES, ƙawancen ƙasashen Sahel, ranar 16 ga Satumba 2023, sun fice daga CEDEAO a Janairun 2025, amma har yanzu suna cikin UEMOA, sefa suke kashewa. Bankin zuba jari da suka ba da sanarwar kafawa na ɗaukar nauyin ayyuka ne, ba mai fitar da kuɗi ba.

Ra'ayina, buga takarda shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Sabon kuɗi yana buƙatar ajiyar kuɗin waje da za ta sayo kayan watanni, da fitar da kaya da ya kusa kai shigowa da su. A nan zinariyar Mali da Burkina, da man Agadem da ya fara bin bututu zuwa Benin a 2024, suna da nauyi. Yana buƙatar gwamnan babban banki da zai iya ce wa ministan kuɗi a'a ranar da albashi ya gagara, wanda shi ne abin da BDRN ya rasa. Sai kuma tambayoyin da suka shafi Tawa kai tsaye, waɗanda ya kamata a amsa tun kafin ranar canji: a wane farashi za a juya ajiyar da ke banki, da wane kuɗi za a biya bashin da aka ci da sefa, nawa ɗan ci-ranin Abidjan zai bari a hannun ɗan canji kafin saƙonsa ya iso gida, kuma da me mai sayen albasa a Lome zai biya.